Karkandan Dürer: me ya sa hoton da ba daidai ba ya rinjayi na daidai?

Malamin Zane:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga hoto nan na ɗora, don Allah ku buɗe ku faɗaɗa shi kafin ku karanta sauran. Karkanda ne. Wani Bajamushe mai suna Albrecht Dürer ya zana shi a garin Nuremberg a 1515, aka sassaƙa zanen a kan allon katako, aka shafa tawada aka buga a takarda. Girmansa kusan na takardar A4 ne.

Ku dubi jikin, sai ka ce maƙeri ne ya ƙera masa sulke falle-falle ya ɗaura masa. Ƙafafun duk ɓawo irin na kifi. Sannan ku dubi doron wuya, akwai wani ɗan ƙaho a murɗe, ban da na hanci. Babu karkandan da Allah ya halitta da ƙaho a wannan wurin. Shi kuma Dürer har ya mutu a 1528 bai taɓa sa karkanda a ido ba. Wasiƙa ce ta zo daga Lisbon da ɗan zane a ciki, da su ya yi aiki.

Ga abin da nake so mu tattauna. A wannan shekarar dai wani mai zane a Augsburg, Hans Burgkmair, shi ma ya buga nasa. Nasa ya fi kusa da halittar: ba ƙahon doro, fatar ta fi kama da fata, har ɗaurin da aka yi wa ƙafafun gaba ya nuna. Yau kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana gidan tarihi na Albertina a Viyana. Na Dürer kuwa an buga dubbai, kuma sama da shekara 200 in aka ce wa Bature karkanda, shi ne ke zuwa masa a rai. Me ya jawo haka? Kuma abin da Dürer ya yi, ƙarya za mu kira shi ko gwaninta?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Ni tambayata ta farko, me ya kai karkanda Lisbon tun a wancan zamani? A jirgin ruwa aka ɗauko wannan ƙaton abin?

Abban Tarihi:
A jirgin ruwa kuwa, Hajiya. Kyautar sarakuna ce. Sarkin Gujarat na Indiya, Muzaffar Shah na 2, shi ya ba gwamnan Fotugal da ke can, Afonso de Albuquerque, shi kuma ya aika wa ubangidansa Sarki Manuel na 1. Suka zagayo ta ƙasan Afirka, kusan wata huɗu a kan ruwa, suka sauka Lisbon ranar 20 ga Mayu 1515. Tun zamanin Rumawa ba a ga karkanda mai rai a Turai ba, fiye da shekara 1000 ke nan, don haka gari ya ɗauka.

Masu ilminsu sun karanta a littafin Pliny, wani marubucin Rum na ƙarni na 1, cewa karkanda abokin gabar giwa ne. Sai Manuel ya ce a gwada. Ranar 3 ga Yuni aka haɗa shi da wata 'yar giwa daga cikin na sarki a fili, jama'a sun cika. Giwar ta juya ta ranta a na kare, ba a yi faɗan ba.

Daga nan sarki ya ga ya fi riba ya yi wa Paparoma Leo na 10 toshi da shi, don dama a 1514 ya aika masa farar giwa mai suna Hanno, Paparoma ya yi murna ƙwarai. Jirgi ya tsaya kusa da Marseille, har Sarkin Faransa Francis na 1 ya je wani tsibiri ya gan shi a Janairun 1516. Da suka ci gaba guguwa ta kife jirgin a gaɓar Italiya wajen La Spezia. Dabbar na ɗaure da sarƙa, ta nutse. Ko shekara ba ta cika a Turai ba.

Maman Ilham:
Wayyo. Da ba su ɗaure shi ba ƙila da ya fita.

Ɗan Maraɗi:
Malamin Zane, wanga zance ai ba ya buƙatar dogon bincike. Mutum bai ga abu ba, ya zana, ya saida, ya amshi kuɗi. A kasuwarmu sunan wannan ƙarya. Da ɗan wani ƙauye ne ya yi, da an ce ɗan damfara ne. Don Bature ne ya yi shi ya sa muke neman mishi suna mai daɗi.

Malamin Zane:
Ɗan Maraɗi, kar ka ce na ɓoye maka hujja, bari in ƙara maka makami. Ka ga rubutun Jamusancin nan a saman hoton? A ciki ya ce ga siffar dabbar nan gaba ɗayanta an kwaikwayo. Bai ce ji ya yi ba. Ya ce launinta irin na kunkuru mai ɗigo-ɗigo, tana wasa ƙahonta a dutse, tana farke cikin giwa, na biyun ƙarshe daga maganar Pliny. Har shekarar isowar ma 1513 aka rubuta, alhali 1515 ce. To amma duk da haka ban yarda da kai ba. Sai dai bari mu ji ta bakin Dakta tukuna, na ga tana rubutu.

Likitar Dabbobi:
Ina nan Malam. Ɗan Maraɗi, kafin ka yanke hukunci ka nemi hoton karkandan Indiya a waya ka ajiye kusa da wannan. Yawancinmu na Afirka muka sani a talabijin, mai ƙaho biyu a hanci da fata sumul. Na Indiya daban ne. Ƙahonsa ɗaya, fatarsa ta naɗe ta yi manyan faifai a kafaɗa da ciki da ɗuwawu, kuma a cinya da kafaɗa akwai ƙuraje-ƙuraje masu tauri kamar kan ƙusa. Yanzu koma ka duba inda Dürer ya raba faifan jikin. A inda suke ɗin ya sa su. Tsayin ƙafa, faɗin ciki, yatsu uku, kunnuwa a tsaye da gashi a bakinsu, duk ya samu. Abin da ya yi shi ne ya ƙara gishiri: naɗin fata ya mayar da shi ƙarfe, ƙuraje ya mayar da su ado.

Ni abin da ke ba ni mamaki ba kuskurensa ba ne, yadda mutumin da bai ga dabba ba ya tsayar da ita a kan ƙafafunta da nauyinta. Ɗalibai nawa ne suke da gawar dabba a gabansu a ɗakin gwaji ba sa iya haka?

Ɗan Maraɗi:
To Dakta, ƙahon doron hwa? Shi ma gishiri ne? Wanga ai ba gishiri ba ne, nama ne aka ƙara cikin miya.

Likitar Dabbobi:
Wannan kam ba zan kare shi ba. Babu shi a jikin dabbar.

Mai Hatimi:
Salamu alaikum manya. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, sana'ata sassaƙa hatimi da buga katin biki, amma wannan hoton ya hana ni aiki yau. Ina so in faɗi abin da mai riƙe wuƙa yake gani.

A katako ba ka da toka-toka. Baƙi ne ko fari. Duk inda kake so ya fito fari sai ka rarake shi, inda ka bari a tsaye shi zai ɗauki tawada. Wato kowane siririn layi da kuke gani a hoton nan, wani ya zauna ya yanke katako ta hagunsa da ta damansa ya bar shi tsaye kamar bakin reza. Wuƙa ta zame sau ɗaya, layi ya tafi, ba gyara. Ku faɗaɗa wajen haƙarƙarin ku ga 'yan da'irorin nan, kowace da wata a cikinta. Na gwada ƙirga na faifai ɗaya na haƙura.

Abin nufi, in aka ce ka nuna fata mai kauri mai gautsi da baƙi da fari kaɗai, dole ka mayar da ita zane-zane, da'ira nan, ɓawo can, layi can. In ba ka yi haka ba jikin zai fito fili fetal kamar buhu. Don haka rabin sulken nan ba Dürer ne ya so ba, katako ne ya tilasta.

Wani abu kuma, komai a juye yake fitowa. Abin da ka sassaƙa yana kallon hagu, a takarda dama zai kalla.

Malamin Zane:
Allah ya yi maka albarka Mai Hatimi, ka faɗi abin da nake kwana biyu ina yi wa ɗalibai bayani. Maganar juyewa ma ga shaida: zanen alƙalami da Dürer ya fara yi yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, can dabbar hagu take kallo, a bugun kuma dama. Kuma a al'adarsu mai zane daban, mai yanka daban. Shi zai zana a kan allon, gwanin wuƙa ya yanke.

Sai dai rabin da ka bar masa ɗin ma akwai dalili. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, a gabansa ya fara koyon sana'a kafin a kai shi wajen mai zane Michael Wolgemut. Nuremberg kuma gari ne na maƙeran sulke da makamai, shi kansa ya zana wa Maximilian, babban sarkin Jamus na lokacin, fasalin sulke. Mutumin da ya tashi cikin wannan, aka ce masa ga dabba mai faifai masu kauri a jiki, me hannunsa zai zana?

Mai Hatimi:
Sulke mana. To Malam, tunda ya iya aikin jan ƙarfe, me ya sa bai yi wannan a jan ƙarfe ba? Ai ya fi fitar da ƙananan abubuwa.

Malamin Zane:
Kasuwa. Farantin jan ƙarfe ana tona layin ne a ciki da ɗan ƙarfe mai tsini, aiki ne na watanni. Kowane bugu sai an cusa tawada a ramukan, a goge saman tas, a matse da ƙarfi, kuma farantin yana cinyewa da sauri. Katako kuwa ana jera shi tare da haruffan rubutu a injin guda, a buga hoto da bayani lokaci ɗaya, da arha. Labari ne mai zafi, kowa na son gani kafin ya huce. Masana na ƙiyasta an sayar da 4,000 zuwa 5,000 tun yana raye.

Abban Tarihi:
A nan nake ganin amsar tambayarka take, Malam, ba a kyan hoto ba. Dürer ɗan kasuwa ne na gaske. Ubangidansa na suna, Anton Koberger, shi ne babban mai ɗab'i na Jamus a lokacin. Matarsa Agnes da mahaifiyarsa su ke kai hotunansa kasuwa, har baje kolin Frankfurt, kuma yana da dillalai masu yawo da su ƙasa-ƙasa. Ga tambarinsa na AD a kan hoton, wanda tuni ya zama abin nema, har wani ɗan Italiya Marcantonio Raimondi yana kwafe ayyukansa da tambarin. Vasari, marubucin tarihin masu zanen Italiya, ya ruwaito cewa da ƙara ta je gaban hukumar Venis, aka ce ya daina sa tambarin, amma ba a hana shi kwafa ba.

Sannan allon katakon ya fi mai shi daɗewa. An ci gaba da bugawa da shi bayan mutuwarsa, har ya faɗa hannun masu ɗab'i na Holan. Wajen 1620 suna bugawa da shi duk da ya tsage, tsutsar katako ta huda shi, har suka ƙara wani allo na launi a kai.

Abin da ya kafa shi daram kuwa littattafan ilmi ne. Conrad Gessner na Zurich ya sa shi a babban littafinsa na dabbobi a 1551, ya kuma faɗi cewa na Dürer ne. Daga nan mai littafi ya kwafa daga mai littafi, har Edward Topsell a Ingila a 1607. Da zarar abu ya shiga littafin makaranta, fitar da shi sai an sha wuya.

Maman Ilham:
Ni fa a ganina kun tsallake abu mafi sauƙi. Na nemo na Burgkmair ɗin na gani. Dabba ce a ɗaure, kai a sunkuye, abin tausayi. Na Dürer kuwa jarumi ne. In ni ce a kasuwar da kuɗin hoto ɗaya a hannu, wallahi na Dürer zan saya in manna a ɗaki. Mutane abin da suke so dabbar ta zama suka saya.

Abban Tarihi:
Hajiya kin yi gaskiya, har Alessandro de' Medici mai mulkin Florence ya ɗauke shi ya mai da shi tambarinsa. Wa zai yi tambari da dabba a ɗaure?

Baba Alhaji:
Yara, ina ta karantawa ban ce komai ba. Tambaya ɗaya gare ni. Duk wannan yabon da ake yi wa mai zana abu mai rai, an duba hukuncinsa kuwa?

Shugabar Zaure:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka a kan hanya take, amma dokar gidan nan ita ce fatawa a kai wa malamai. Nan tarihin abin muke dubawa, ba mu ce kowa ya je ya zana ba. A ci gaba, amma a kiyaye abin da ake ɗorawa.

Baba Alhaji:
To madalla 'yata. Na ji.

Abban Tarihi:
Allah ya ja kwana Baba, bari ma in faɗi abin da zai yi maka daɗi. Abin da ya rikita Turai a 1515 ba baƙo ba ne a wajen malaman Musulmi. Albiruni ya siffanta karkandan Indiya a littafinsa kan ƙasar Hindu tun ƙarni na 11. Ibn Battuta ya ba da labarin ganinsa da ido bayan ya haye kogin Sindu. Babur, wanda ya kafa daular Mughal, zamani ɗaya suka yi da Dürer, ya yi farautarsa wajen Peshawar ya rubuta yadda fatarsa take. Bambancin shi ne nasu da hannu ake kwafa, littafi ɗaya-ɗaya, ga wanda ya iya karatu. Na Dürer injin ne ke fitarwa, kuma ko jahili ya gani ya gane.

Ɗan Maraɗi:
Yawwa! Ashe masu gani da ido suna nan, wanda bai gani ba shi ya yi suna. Ai maganata ke nan. Gani ya kori ji, amma nan ji ya kori gani don yana da inji.

Malamin Zane:
Sannu dai Ɗan Maraɗi, kar ka yi saurin rufe shari'a. Ka ɗauka duk wanda ya gani da ido daidai yake zanawa? Ga misali biyu.

A 1486 aka buga wani littafin tafiya zuwa Ƙudus a garin Mainz, na Bernhard von Breydenbach. Mai zanen, Erhard Reuwich, da shi aka yi tafiyar, ƙafarsa ƙafarsu. Akwai shafi guda na dabbobi: raƙumin dawa, kada, raƙumi, awaki masu dogon kunne, sai kuma doki mai ƙaho ɗaya a goshi, dabbar tatsuniyarsu wadda babu ita. A ƙasan shafin an rubuta cewa an zana dabbobin nan da gaskiya yadda muka gan su a ƙasa mai tsarki. Wannan ya je, ya dawo, ga abin da ya kawo.

Na biyu, a 1598 wani ƙaton kifin teku, irin manyan nan da suka fi jirgin kamun kifi, ya mutu a gaɓar Holan kusa da Katwijk. Hendrick Goltzius ya zana, Jacob Matham ya tona a jan ƙarfe. Gawar tana kwance a yashi, a hoton ma ga mutane nan sun hau kanta suna awo. Duk da haka fiffiken gefen da yake iyo da shi, a hoton kunne ya zama. Masu kwafa suka yi ta kwafar kunnen.

Likitar Dabbobi:
Wannan na kunnen ya ba ni dariya, amma na gane yadda aka yi. Ido yana neman abin da ya saba. Ya ga kai, ya ga wani abu a bayan ido, sai ya ce kunne. Mu ma a aji sai an ce maka ga abin da za ka nema kafin ka gan shi a madubin gwaji.

Abban Tarihi:
Shi kansa Dürer ba ƙin gani yake ba. A 1520 yana Antwerp ya ji irin wannan kifin ya fito a Zeeland, ya ɗauki hanya cikin sanyin Disamba, kafin ya isa ruwa ya janye gawar. A wannan tafiyar ya kwaso zazzaɓin da ya yi ta damunsa. A 1521 a Ghent ya sami zakuna masu rai ya zauna ya zana su. Zomonsa na 1502 kuwa, wanda ya yi da fenti, har yau gashi ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa. Da Lisbon kusa take, da ya je.

Tunda an ambaci raƙumin dawa, kyautar sarakuna da shi tsohon abu ne har a wajenmu. Ibn Khaldun ya ce a 1257 Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis Almustansir kyauta har da raƙumin dawa, mutanen gari suka yi dafifi. A 1487 kuma Sarkin Masar Qaitbay ya aika wa Lorenzo de' Medici ɗaya a Florence.

Ɗan Maraɗi:
Raƙumin dawa kam ku zo Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso, ku gane su suna kiwo cikin gonakin mutane. Ba sai wani ya aiko muku wasiƙa ba.

Ɗan Wusasa:
Barkanmu da war haka. Na zo a makare, amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Kuna ta auna hotunan da ma'aunin daidai ko ba daidai ba, alhali da yawa daga dabbobin da aka buga a lokacin ba don a koya wa mutane siffar dabba aka yi su ba. Magana ake yi da su.

A 1523, ana tsakiyar rikicin Luther, wani malamin Kirista Bajamushe, da cocin Roma, aka buga wata 'yar ƙasida a Wittenberg da hotuna biyu daga shagon mai zane Lucas Cranach. Ɗaya wata halitta ce da aka ce an tsinta a kogin Tiber na Roma bayan ambaliya wajen 1496: kan jaki, jikin mace, ɓawon kifi, ƙafa ɗaya kofato ɗaya ƙafar tsuntsu. Melanchthon, abokin Luther, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana fassara kowace a kan Paparoma da mutanensa. Ɗayan ɗan maraƙi ne da aka haifa da nakasa a Freiberg a 1522, fatar wuyansa kamar hular rigar 'yan zuhudu, Luther ya ce alama ce a kansu. Manomin da bai iya karatu ba ya ga kan jaki a tsaye gaban fadar Paparoma, ya gama fahimta. Wannan ba ilmin dabbobi ba ne, zambo ne.

Malamin Zane:
Sannu da zuwa Ɗan Wusasa, ka buɗe ƙofar da nake jira. Ga wani na ɗora, aikin jan ƙarfe na Dürer na 1504 kan labarin Adamu da Hauwa'u. Baba, ka kwantar da hankalinka, na yanke saman, dabbobin ƙasa kawai na bari.

Ku duba: kyanwa a kwance ido a lumshe, ɓera a gaban hancinta, ba ta taɓa shi ba. Zomo a baya, sa a kwance, sai wata babbar dabbar dawa ta ƙasashen sanyi mai kama da gwanki tana ratsa itatuwa. Masana irin su Erwin Panofsky sun fassara huɗun da ɗabi'u huɗu na tsohon ilmin likitanci: kyanwa safra'u, wato zafin rai, zomo jini, wato sha'awa, sa balgamu, wato kasala, ta huɗun sauda'u, wato ƙuncin zuciya. Kafin a saɓa umarni duk suna zaune lafiya. Ana cin 'ya'yan itacen nan, kyanwa za ta daka wa ɓera tsalle.

Baba Alhaji:
Safra'u da sauda'u da balgamu ai namu ne, suna cikin littattafan ɗibbu da muka karanta a zaure. Ashe har can.

Abban Tarihi:
Rijiya ɗaya aka sha, Baba. Daga Girkawa irin su Jalinusu, ta hannun su Ibn Sina, wanda littafinsa ake karantarwa a jami'o'in Turai a zamanin Dürer ɗin.

Maman Ilham:
To yaushe Turawan suka farga cewa ba haka karkanda yake ba?

Abban Tarihi:
Sun sami dama tun da wuri suka bari ta wuce. Wani karkandan ya zauna a Madrid wajen Sarki Philip na 2, har Philips Galle ya buga hotonsa a Antwerp a 1586, ba sulke ba ƙahon doro. Bai kori na Dürer ba. Sai da wata karkanda mace mai suna Clara ta zo. Wani kyaftin ɗan Holan, Douwe Mout van der Meer, ya sauke ta a Rotterdam a 1741, ya yi shekara 17 yana yawo da ita a keken dawaki, Jamus, Faransa, Italiya, ana biya ana kallo, har ta mutu a Landan a 1758. Oudry ya zana ta a Faris a 1749, Longhi a Venis a 1751. Sai da dubban talakawa suka gani da idonsu sannan littattafan ilmi suka fara sauya hoto. Duk da haka na Dürer bai bar wasu littattafan makarantun Jamus ba sai wajen 1930 da wani abu.

Na Garwa:
Ina gaida kowa daga Kamaru. Ku kuna maganar wanda bai ga karkanda ba ya zana. Mu nan arewacin Kamaru shi ne wuri na ƙarshe da baƙin karkanda na yammacin Afirka ya rage. An yi bincike a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana ya ƙare a duniya. Mafarauta masu neman ƙaho suka gama da shi. Tsofaffinmu sun san sawunsa a daji, yaranmu sai a hoto.

Likitar Dabbobi:
Allah ya kyauta. Na Indiyan shi ya ɗan farfaɗo, yawancinsu suna gandun Kaziranga a jihar Assam.

Ɗan Maraɗi:
Na saurari kowa. Na yarda mutumin gwani ne, na yarda katako ya tilasta mishi wani abu, na yarda mai gani ma yana kuskure. Amma wanda ya mai da fiffike kunne kuskure ya yi, akwai abu a wurin. Ƙahon doro babu komi a wurin. Kuma ya rubuta a sama cewa haka dabbar take. Nan nike tsaye.

Malamin Zane:
Tsaya nan ɗin, ba zan ture ka ba. Abu ɗaya kawai: zanen da aka aiko daga Lisbon ya ɓace, wanda ya rage shi ne na Dürer. Don haka kana tuhumar mutum da ƙari a kan takardar da babu ita a gaban alƙali.

Ɗan Maraɗi:
To Burgkmair mi ya hana shi sa ƙahon?

Maman Ilham:
Kai Ɗan Maraɗi, ba ka gajiya!

Mai Hatimi:
Ku bar su su yi ta yi. Malam, ni aiki nake so in gwada. Ina da guntun aduwa irin wadda ake allo da ita, na goge ta ta yi santsi. Za ta yi, ko ta cika tauri? Kan kawai zan fara yankawa, daga kunne zuwa ƙahon hanci.

Malamin Zane:
Za ta yi, in ta bushe sosai. Su ma itace mai tauri mai laushin jijiya suke nema, don shi ke riƙe siririn layi. Ka yanka a kwance bin tsawon katakon, ba ta kan gindi ba. Ka juya hoton a waya tukuna kafin ka kwafa, in ba haka ba naka hagu zai kalla. Tawadar hatimi ta cika ruwa, za ta cike ramukan, ka nemi ta injin buga kati ka murza ta siririya. In ba ka da abin matsewa, ɗora takarda ka goga da bayan cokali. Ka ɗoro mana bugun farko ko da ya ɓaci.

Mai Hatimi:
An gama Malam. Ƙahon doron fa, in na kai wuya, in sa ko in bari?

Ɗan Maraɗi:
Ka sa mu gani, ni da kai ne.